Littafin Lissafin Rusul

Shekarar da garin Mosul ya faɗa hannun wata ƙungiyar 'yan bindiga masu tsattsauran ra'ayin addini, a ita ce ya kamata Rusul ta shiga aji ɗaya. Mahaifiyarta Wijdan ta riga ta ɗinka mata rigar makaranta tun kafin azumi, ta saya mata jaka, yarinyar kuwa kullum sai ta goya jakar ta zagaya tsakar gida, ƙanwarta Tabarak na biye da ita tana kukan ita ma a ba ta. Da aka sake buɗe makarantu, aka yi shela kowa ya kai 'ya'yansa, Wijdan ta naɗe rigar ta tura ƙasan akwati. Ta gaya wa mijinta Hazim cewa 'yarta ba za ta taka ƙofar makaranta ba muddin waɗannan mutane ne ke faɗin abin da za a koyar. Hazim bai yi musu ba. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, tun da garin ya juye kuma sai ya koma kamar wanda aka ɗinke wa baki.

Karatu da rubutu ba su dami Wijdan ba, wannan ta san hanyarsa. Lissafi ne ya tsaya mata a wuya. Sau biyu ta faɗi shi a jarrabawar ƙarshe ta sakandare, shi ya hana ta jami'a, kuma har ta yi aure ta haihu, in ta ga an jera lambobi a takarda sai tafin hannunta ya yi gumi. Ta rantse a ranta ba za ta gadar wa 'yarta wannan tsoro ba. Sai dai wanda bai san hanya ba ba ya jan wani, don haka ta shiga neman littafin da zai ja su su biyun.

Na farko da ta samu na gwamnati ne, tsoho, na ɗan yayarta da ke ƙetaren kogi. A cikin buhun alkama aka ƙetaro da shi gada, domin an hana ajiye irinsa. Da ta buɗe sai ta tarar shafuka ashirin na farko sun tafi, daidai inda ake koyar da ɗaya zuwa goma, sauran kuma mai littafin ya riga ya cike amsoshinsu da biro, rabi ba daidai ba. Rusul idonta a buɗe yake. Da an tambaye ta sai ta saci kallon abin da ɗan'uwanta ya rubuta ta faɗa da ƙarfi, ta kwashi kuskurensa kaf tana jiran a yaba mata.

Na biyu daga gidan likitan da ke bakin layi ya fito. Ranar da za su gudu matarsa ta bar wa Wijdan kwalin littattafan 'ya'yanta. Littafin na ƙasar waje ne, mai sheƙi, kala-kala, har da ƙamshinsa. Wijdan ta yi murna kamar ta tsinci zinariya, amma murnar ba ta kai mako ba. A littafin, da'ira sifiri ce. A lambobin Larabci da suka saba kuwa da'ira biyar ce, sifiri ɗigo ne kawai. Ga shi lissafin daga hagu yake tasowa, umarnin kuma da Turancin da Wijdan ba ta gane fiye da rabinsa ba. A rana ta biyar Rusul ta ɗora yatsa a kan wata da'ira ta ce, "Mama, to wannan ƙwan biyar ne ko babu ne?" Wijdan ta ce a nan babu ne, a can biyar ne. Yarinyar ta yi jifa da fensir ta shige ƙarƙashin tebur, ta ƙi fitowa sai da aka kira ta cin abinci.

Maƙwabciyarsu Intisar, wadda kowa ke kira Ummu Lais, ita ta fi kowa yi mata dariya. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Mijinta ɗan sanda ne, an kashe shi a makon farko da aka kama garin, ya bar mata Lais mai shekara goma da Shahad sa'ar Rusul. Mace ce mai murya, wadda ko takaba ba ta raba ta da zolaya ba.

"Ke Ummu Rusul, neman littafi kike ko neman miji ga 'yarki?" ta ce. "Zuba mata ƙwallon dabino a faranti. Ranar da ta raba su tsakaninta da ƙanwarta ba a ja gashin kowa ba, ai ta gama jami'a."

Wijdan ta gwada ƙwallon dabinon, kuma ya yi aiki. Rusul ta ƙirga har ashirin, ta fara haɗa uku da huɗu. Daga nan sai Wijdan ta tsaya cak, don ba ta san abin da ke biye ba. Ɗebewa za a fara ne, ko sai an wuce ashirin? Yaushe ake nuna wa yaro cewa ɗayan da ke cikin sha biyu ba ɗaya ba ne, goma ne? Ta tambayi Intisar, Intisar ta ce ita a aji huɗu aka cire ta, abin da ta sani shi ne mai tumatir bai taɓa cutarta ba.

Duk wannan Hazim yana ji. Shi mai zane ne a maɗaba'ar Hajji Zannun, shekara goma sha huɗu yana zana katin biki da kwalin alewa da littafin da yara ke shafa wa kala. Wata Alhamis ya dawo da la'asar, ya zaro wasu takardu daga cikin rigarsa ya ajiye kusa da risho inda take soya kubba, curin alkama mai nama a ciki. Shafi biyar ne, na ragowar takardar da ake yankewa, an ɗinke su da zare. A na farko kankana ce, an yanka ta goma. A na biyu kofunan shayi a jere, wasu cike wasu an shanye. Akwai gadojin garin guda biyar, akwai tattabaru a kan waya, uku sun tashi. Kowane shafi taki ɗaya ya ɗara na bayansa. Ya ce ya tono wani tsohon jagoran malamai a ɗakin ajiyar maɗaba'a, tsarinsa ya bi. A ƙasan kowane shafi kuma ya yi mata 'yar wasiƙa da ƙananan haruffa: kada ki wuce nan sai ta iya ba da yatsu ba, in ta gaji ki bar ta, gobe ma rana ce.

Wijdan ta tsaya tana kallon takardun har kubbar ta ƙone. Abin da ta fi kallo kofunan shayin ne. A gefen kowane kofi ya ja 'yan layuka uku gajeru, na tsakiya ya fi tsawo, sai ka rantse rana ce ta bugi gilashin. Haka yake yi wa duk abu mai sheƙi tun suna saurayi da budurwa.

Daga ranar littafin likita ya koma kwali, na gwamnati ya koma buhu. Kowace Alhamis shafi biyar. Shahad ta shigo karatun, Intisar na ƙetaro da ita da hantsi kamar mai zuwa aron gishiri. A ɗakin ciki suke zama, labule a sake, Alƙur'ani a buɗe a gefe domin a rufe takardun da shi in an buga ƙofa, tunda an haramta zanen abu mai rai, tattabarun nan kaɗai sun isa a yi wa mutum bulala. Ba a taɓa bugawa ba. Wijdan ta riƙa karanta shafin kafin yaran su zo, tana yin lissafin ita kaɗai a bayan takarda, kuma a watan nan ne, tana da shekara talatin da ɗaya, ta gane dalilin da ya sa ake ajiye ɗaya a kai in tarawa ta wuce tara. A makaranta haddace shi kawai ta yi. Ta gaya wa Hazim tana dariya, shi ma ya yi murmushi, ya ce ashe ɗalibansa uku ne.

Haka suka ci shekara guda da 'yan watanni.

Lais shi ba a gida yake karatu ba. Sau biyu mutanen ƙungiyar suka tsaya a ƙofar Intisar suna tambayar dalilin da ɗan ɗan sanda ba ya zuwa makaranta, ba ta jira na uku ba, ta kai shi da hannunta. Wata safiya cikin sanyi ta shigo da Shahad, ta zaro wani littafi daga ƙarƙashin abayarta ta jefa a cinyar Wijdan. Ta ce sabon littafin lissafi ne da aka raba wa su Lais jiya, tunda Ummu Rusul ce gwanar zaɓen littafi, ta duba mata ko ya yi.

Wijdan ta buɗe tsakiya. Darasin ninkawa ne. Layi shida, kowane layi harsashi bakwai, a faɗi nawa ne duka. A shafi na gaba bindigogi ne ake rabawa tsakanin mutum huɗu. Takardar ba ta da kyau, tawadar ta ɗan yi zuba, amma zanen tsaf yake, babu harsashin da ya karkace. A gefen kowanne akwai 'yan layuka uku gajeru, na tsakiya ya fi tsawo.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi tana kallon shafin ba. Intisar na ta magana, tana cewa ita da ba ta yi karatu ba ma ta san arba'in da biyu ne, kuma ɗaya tak daga cikinsu ya isa ya kashe uban yaron. Wijdan ta rufe littafin ta miƙa mata, ta ce Allah ya kyauta. Ta ɗaga ido ta ga Intisar na kallonta, sannan ta ga idon ya sauka kan shafin kofunan shayi da ke gaban Tabarak. Ko ta gane ko ba ta gane ba, Wijdan ba ta sani ba. Intisar ta mayar da littafin ƙarƙashin abaya ta ce ta bar tukunya a wuta.

Da Hazim ya dawo cin abincin rana Wijdan ta bari ya ci ya ƙoshi, ta bari yaran suka kwanta, sannan ta same shi a kicin yana wanke hannu. Ta ce ta ga littafin Lais. Bai tambaye ta wane littafi ba. Ya rufe famfo, ya goge hannu a hankali, ya ba ta labari yana kallon bango. Wata bakwai da suka wuce mutum biyu suka shigo maɗaba'a da rubutun littattafan firamare gaba ɗaya, suka tambayi Hajji Zannun wa ke masa zane, Hajji ya nuna shi da haɓa. Ɗayan, wani mai sanyin murya, ya zauna a kan teburinsa ya tambaye shi lafiyar Rusul da Tabarak, da sunansu, ya ce an lura ba a ga babbar a makaranta ba. Sannan ya ce ba komai, 'ya mace tana iya jira, mutumin da ke da amfani ba a takura wa gidansa.

"Kina tsammani me ya sa ba a taɓa buga mana ƙofa ba?" Hazim ya ce. "Addu'arki ce kaɗai?"

"Da ka gaya min."

"In gaya miki ki yi me? Ki ce kar in zana?"

Wannan magana ta ƙara tunzura Wijdan.

"Na ji, Abu Rusul. An tilasta ka ka zana. Wa ya tilasta ka ka sa musu sheƙi?"

Ya dubi hannuwansa, ciki da baya, kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Ban iya zana shi wani iri ba," ya ce.

Alhamis ta zagayo ya kawo shafi biyar kamar kullum, ta ɗauke su ta ɗora saman kabad ba ta buɗe ba. Ta tono tsohon littafin gwamnati daga buhu, ta sayi littafin rubutu, ta shiga kwafe tambayoyin da hannunta tana zana ƙwallaye masu kama da dankalin da ya lalace. Rusul ta tambayi ina tattabarun Baba, aka ce sun tashi. Suka iso ɗebewa mai aro, inda za a cire takwas daga hamsin da uku, Wijdan ta bayyana sau ɗaya, ta rikice, ta sake bayyanawa wani iri. Shahad ta yi hamma. Rusul ta yi lissafin sau huɗu ta samu amsa huɗu, Wijdan kuwa ta ji muryar tsohuwar malamarta na fita daga bakinta, tana cewa wai ke kanki dutse ne. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ajiye fensir, ta goge tafin hannunta a riga.

Da yamma Wijdan ta ga Rusul ta kai wa ubanta littafin rubutun tana raɗa masa. Kafin ya karɓa sai da ya ɗago ya dubi Wijdan, kamar baƙo mai neman izinin zama. Ta juya ta koma kicin.

Mako bakwai ta yi a haka. A na takwas ta hau kujera ta sauko da takardun, sun taru sun yi kauri, domin bai fasa kawowa ba ko sau ɗaya. Ta nemo shafin aro. Ya zana kwalayen ashana, kowanne tsinke goma, ya nuna an buɗe kwali ɗaya an zazzage shi. Rusul ta kalla sau ɗaya ta ce, "Au, shi ke nan?" Wijdan ta haɗiye abin kamar maɗaci. Duk faɗin garin babu littafin da ya kai wannan, kuma ta san abin da ake biya a kansa. Ba ta ce wa Hazim ta sauko da su ba, shi ma bai nuna ya lura ba. Ya daina yi mata 'yan wasiƙun ƙasan shafi, lissafin kawai yake kawowa.

A bazara ta uku aka zo makarantar su Lais da mota, aka zaɓi yaran da suka tasa, har da Lais, aka ce za a kai su horon yaƙi na wata guda. Intisar ta bi ofis-ofis har takalminta ya tsinke. Wata ya wuce, biyu suka wuce. Ta daina zolaya, ta daina kawo Shahad. In Wijdan ta yi mata sallama ta kan katanga sai ta amsa a taƙaice, daga baya ma ta daina amsawa.

Sai yaƙi ya iso unguwar. Kwana goma sha tara suka yi a ƙarƙashin matakala su huɗu, da jarkar ruwa da buhun ɓarzajjiyar alkama, ƙasa na girgiza. Ranar da sojojin gwamnati suka shigo layin mata suka yi guɗa, maza suka fito suna aske gemu a bakin ƙofa. Wijdan ta cire niƙabi ta tsaya a rana har fuskarta ta yi zafi.

Kwana goma bayan nan motar jami'an tsaro ta tsaya a ƙofar gidansu da hantsi, aka kira sunan Hazim da na ubansa da na kakansa. Ya fito da silifa. Da suka sa shi a mota Wijdan ta waiga ta ga Intisar tsaye a ƙofarta, hannu a harɗe, ba ta ɓuya ba. Wijdan ta taka har gabanta, ta tuna mata shekara biyu da 'yarta ta yi a ɗakinta tana koyon ƙirga daga hannun mutumin nan.

"Na sani," Intisar ta ce. "Da takardun Shahad na kai musu shaida. 'Yata ta ƙirga tattabaru, ɗana ya ƙirga harsashi, duk hannu ɗaya. Ke 'ya'yanki biyu suna bayanki. Juya ki ƙirga su."

Bayan wata guda aka kira Wijdan wani ofishi da babu gilashi a tagoginsa. Jami'in matashi ne, idonsa ja don rashin barci. A kan teburinsa ga littafin Lais a buɗe, ga shafin kankana a gefe. Ya ce Hajji Zannun ya mutu a ƙarƙashin ginin maɗaba'arsa, don haka babu mai faɗin yadda aka yi sai ita. Ya tambaye ta ko hannun mijinta ne, ta ce nasa ne. Ya tambaye ta ko ya taɓa yi wa ƙungiyar mubaya'a, ta ce bai taɓa ba. Sannan ya ce, tilas aka yi masa ko da son ransa?

Amsar tana bakinta. Ta zo da ita tun daga gida, ta maimaita ta a cikin mota. Amma idonta ya faɗa kan shafin, kan layi shida ɗin nan da babu wanda ya karkace, sai harshenta ya yi nauyi. Shirun bai fi numfashi uku ba. Ta ce tilas aka yi masa, an ambaci sunan 'ya'yansa. Jami'in ya dube ta, ya rubuta wani abu mai ɗan tsawo, ya ce tana iya tafiya.

Makarantar unguwar ta buɗe Hazim na tsare. Rabin ginin ya rushe, ana karatu kashi biyu, safe da rana. Yaran da suka zauna a gida sai an gwada su kafin a san ajin da za a sa su. Rigar da ke ƙasan akwati Tabarak ta yi wa daidai, Rusul kuwa da kayan gida ta je. Aka ba ta takardar aji uku ta cike ta kafin sauran su gama rubuta sunansu. Aka ba ta ta aji huɗu, ɗaya kawai ta kuskure. Shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau ɗaure da zare, ta kira Wijdan gefe. Ta ce tana da yara ɗari uku masu shekara tara da goma da ba su san bakwai ta fi biyar ba, littattafai kuma ba su iso ba. Da wane littafi aka koyar da wannan yarinya? In akwai shi a ba ta aro, ta sa a kwafa.

Takardun suna saman kabad, shafi ɗari huɗu da wani abu, a ɗaure da igiya. Wijdan ta ce tsohon littafin gwamnati ne kawai, shi ma ya ɓace lokacin yaƙi. Dattijuwar ta ce kaico, ta juya ga uwa ta gaba.

Wata takwas Hazim ya yi a tsare. Ya dawo da rana tsaka, shi kaɗai, da leda a hannu, haƙoransa biyu babu. Tabarak ta ɓuya a bayan uwarta. Wijdan ta dafa masa dolma, shinkafa da nama da aka naɗe a ganye, ya ci kaɗan ya ture. Babu wanda ya zo yi masa barka sai yayar Wijdan da mijinta, su ma ba su zauna shan shayi na biyu ba. Bayan mako biyu ya samu aiki wurin wani mai gyaran gidajen da suka fashe, yana shafa wa bango farin fenti. Maɗaba'u sun fara buɗewa a ƙetaren kogi, bai je ko ɗaya ba, su ma ba su neme shi ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana kankare fenti daga farcensa a tsakar gida, tana shanya, ya yi magana bai ɗago ba. Ya ce jami'in nan ya karanta masa abin da ta faɗa. Wai har ya ce masa ko matarka sai da ta yi tunani.

Wijdan ta matse rigar da ke hannunta duk da ta riga ta matse ta.

"Na yi shiru," ta ce. "Amma na faɗi gaskiya."

"Wace ce gaskiyar? Shirun ko maganar?"

Ta so ta ce maganar. Ya jira, ta ga yana jira, ta san in ta faɗa zai karɓa ko da bai yarda ba, don a samu a zauna lafiya. Ta rataye rigar a igiya ta ɗauki ta gaba. Ya ci gaba da kankare farcensa. Ba su sake tayar da zancen ba.

Cikin sanyin shekarar aka kira Intisar asibiti ta duba wasu kaya da aka tono tare da gawarwaki a bayan gari, ta gane rigar sanyin da ta saƙa wa Lais da hannunta. Aka kafa rumfar makoki a layin, kwana uku. A rana ta biyu Wijdan ta sa baƙar abaya ta shiga gidan. Hirar matan ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Ta durƙusa gaban Intisar ta yi mata ta'aziyya, Intisar ba ta dube ta ba, ba ta kuma kore ta ba. Shahad ce ta kawo mata kofin gahawa, ta ce sannu Khala, wato inna, a hankali, ta koma da sauri. Wijdan ta zauna kusa da takalma har ta ga ya isa, ta tashi.

Da ta fito ta hangi Hazim a bakin rumfar maza, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Kujeru a jere, akwai guda biyu babu kowa a kai. Ya yi sallama, mutum biyu ko uku suka amsa ƙasa-ƙasa, babu wanda ya ce bismilla. Ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha a tsaye shi kaɗai, ya shafa, ya juya ya nufi gida. Ta bi bayansa da 'yar tazara.

A makon ne aka raba sakamakon zangon farko. Rusul ta zo ta ɗaya a lissafi a duk ajin huɗu, safe da rana. Ta shigo da gudu da takardar a hannu, ta tarar da uwarta na tsince shinkafa, ubanta na zaune a ɗaya gefen yana kallon ƙasa, karatun Alƙur'ani na shigowa daga gidan Ummu Lais ta kan katanga. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sai ta ninke takardar ta sa a jaka, ta je ta wanke hannu.